Yaya, ga labarin gwiwar tawa daga Birmingham ta Ingila

Yaya, ina gaisuwa, ya gida, ya yara? Kin ce in ba ki labarin aikin da aka yi min a gwiwa dalla-dalla tunda taki ƙafar ma ta fara gardama. To ga shi.

Kin san yadda abin ya fara min. Tafiya a miƙe lafiya lau, amma hawa bene da saukowa sai na dafa bango, tashi daga sujada kuwa sai da salati. Shekara biyu ina sallah a kan kujera. A gida da tuni an ce sanyin ƙashi ne, a shafa man zafi, a aiki yaro kemis ya sayo diclofenac. Nan ƙwayar ba ta sayuwa sai da takardar likita. Ko paracetamol, kwalin kanti ƙwaya 16 ne, kuma ba a sayar wa mutum fiye da kwali biyu a lokaci guda.

Likitan ƙashi ma ba a zuwa wurinsa kai tsaye, sai likitan unguwa ya tura ki. A ƙa'ida mako 18 ne daga turawa zuwa fara magani, ni dai na kusa shekara ina jiran wasiƙa. Da kuɗi a hannu, a Kano da an wuce wurin tun tuni.

Abin da ya burge ni shi ne hoton. Bayan na gaba da na gefe, sai aka lanƙwasa min gwiwa aka ɗauka ta sama. Nan aka ga guringuntsin bayan ƙoƙon gwiwa ya cinye, ƙashi na gogar ƙashi, alhali sauran gaɓar kalau take. Shi ya sa ba a sauya gwiwar gaba ɗaya ba. An kankare kwarmin ƙashin cinya inda ƙoƙon ke zamewa aka shimfiɗa ƙarfe, aka manna wata roba mai tauri kamar maɓallin riga a bayan ƙoƙon. Jijiyoyin cikin gaɓar ba a cire ko ɗaya ba. Likitan bai ɓoye min ba: in ciwon ya ci sauran gaɓar nan gaba, sai an koma an sauya duka.

Allura aka yi min a baya, daga ƙugu zuwa ƙasa ya mutu. Da yamma mai gashin ƙashi ta miƙo min sanduna biyu ta ce in tashi. Na ce baiwar Allah, yau fa aka yanka ni! Ta yi dariya, ni kuma na taka. Sisi ban biya ba a ranar, harajin da ake yanka a albashi ne ke biya.

Sai dai babu mai jinya, Yaya. Ba tabarma a gindin gado, ba kular farfesu, 'yan dubiya ma da lokacinsu. Aka kawo min shayi da burodi gasasshe, na tuna lokacin da Inna ta kwanta, ɗaki ya cika har ana korar mutane. Da aka sallame ni, wata maƙwabciya 'yar Somaliya ce ta yi mako tana kawo min shinkafa.

Yanzu bene ba ya ba ni tsoro, amma durƙuso a kan tabon har yau sai a hankali, sai na ninka darduma. Ke dai ki daina shan ƙwayoyin nan barkatai, suna cin ciki da ƙoda. Ki sa yaran su kai ki asibitin ƙashi na Dala, ki gaya wa likita a bene da sujada ciwon ya fi tsanani, ki tambaye shi hoton da ake ɗauka gwiwa a lanƙwashe. In an ɗauka ki turo min ta WhatsApp in gani.