Libarba, P365 ko Glock 19: da wacce sabon shiga zai fara?

Ƙanena, ka ce kana aikin dare a kantin wani gidan mai a Houston, an yi wa kantin da ke tsallaken titinku fashi sau biyu tun bayan azumi, kuma hankalin maiɗakinka ya ƙi kwanciya. Kana da girin kad, wato katin izinin zama na dindindin a Amurka, kana da yara biyu. Ka je shagon sayar da bindigogi, mai shagon ya jera maka uku a kan kanta: libarba ƙirar Smith & Wesson 642, da Sig Sauer P365, da Glock 19. Ya ce libarbar ta fi dacewa da wanda bai taɓa riƙe bindiga ba. Kana son ka san wacce za ka saya, wadda za ka iya ɓoyewa a jiki.

Allah ya tsare ku, ya raba ku da mugun ji da mugun gani. Duka ukun na harba su, biyu daga ciki kuma na mallaka, don haka zan gaya maka abin da hannuna ya ji.

Mai shagon bai yi maka ƙarya ba, amma rabin magana ya faɗa. Libarba tana da sauƙin fahimta. Ka tura ɗan maɓalli, gangar harsashin ta faɗo gefe, ka ga ramuka 5 da idonka, ka san ko akwai harsashi ko babu. Ba ta da marfin sama irin na sauran biyun, wanda za ka ja baya don ɗana harsashi, kuma idan harsashi ya ƙi tashi sai ka sake jan kunama, gangar ta juyo da na gaba. Nauyinta bai wuce giram 420 ba, tana shiga aljihu ta ɓace. Wannan duk gaskiya ne.

Abin da bai faɗa maka ba shi ne yadda take a hannu lokacin harbi. Kunamar 642 doguwa ce mai tauri, sai ka sa ƙarfin da ya kai kilo 5 ko fiye kafin ta tashi. Yi lissafin da kanka: yatsa ɗaya yana jan kilo 5 a jikin abin da bai kai rabin kilo ba. Kafin harsashin ya fita, bakin bindigar ya riga ya karkace hagu ko ƙasa. Bututunta bai cika inci 2 ba, abin saitinta ɗan tsagi ne da kyar ido yake kama shi da rana, balle a hasken fitilar gidan mai. Sannan ga bugun da take yi. Bindiga mara nauyi ba ta shanye ƙarfin harsashi, tafin hannunka ne yake shanyewa. Ranar da na fara harba irinta, harsashi 15 kawai na yi, tsakanin babban yatsana da manuniya ya yi ja kamar na yini ina noma da fartanya mara santsin ƙota. A yadi 7, biyu daga cikin harbina ko takardar ba su taɓa ba, alhali a lokacin na shekara ina zuwa filin koyon harbi. Wanda bindigarsa take cin hannunsa ba ya marmarin komawa atisaye, wanda kuwa ba ya atisaye, ƙarfe kawai yake yawo da shi a ƙugu. Ƙananan libarba na gwanaye ne. Ban ce kada ka taɓa mallakarta ba, na ce kada ta zama ta farko.

P365 ta fito a 2018, kuma ta girgiza kasuwa don ta cusa harsashi 10 masu milimita 9 a jikin da faɗinsa inci 1 ne kacal. Nauyinta wajen giram 500, bututunta inci 3.1. A zafin Houston, inda mutum yake yini da riga mai gajeren hannu, wannan ba ƙaramin abu ba ne: ka sa ta a ƙugu, ka saki riga, ba wanda zai lura. Kunamarta ta fi ta libarba laushi nesa ba kusa ba, abin saitinta kuma yana da ɗigon da ke haske a duhu. Illarta ita ce ƙanƙantar mariƙin. Idan hannunka babba ne, ƙaramin yatsanka zai rataye a iska babu abin kamawa, kuma duk harbi sai bakinta ya yi tsalle sama, sai ka sake nemo saiti. Jan marfinta baya ma yana da tauri, don wurin kamawar kaɗan ne.

Glock 19 ita ce babba a cikinsu. 'Yar Ostiriya ce, tana kasuwa tun 1988, tana ɗaukar harsashi 15, bututunta inci 4, nauyinta wajen giram 670 ba harsashi, ta haura giram 850 idan ta cika. Kunamarta kusan rabin ƙarfin ta libarba take buƙata. Yatsunka duka suna samun wurin zama, hannu na biyu ma yana samun inda zai dafe, nauyin kuma yana kwantar da bugun. Za ka iya harba 100 a zama ɗaya ka tashi hannunka lafiya, kuma a nan ne koyo yake shiga. Duk malamin harbi da za ka je wurinsa ya san ta, kube da gidan harsashinta kuwa babu shagon da ba za ka samu ba. Harsashi mai milimita 9 kuma yawanci ya fi .38 na libarba araha, abin da za ka ji a aljihunka wata bayan wata.

Kuɗin da za ka biya a kan wannan sauƙin shi ne kauri da nauyi. Awa 10 kana tsaye kana sunkuyawa kana jera lemo a firij, za ka san tana jikinka. Gindin mariƙinta ne yake turo riga, ba bututun ba. Sai ka nemi bel mai tauri na musamman, da rigar da ta ɗan fi wadda ka saba faɗi. Mai siririn jiki yakan sha wahalar ɓoye ta.

To ga ra'ayina kai tsaye. Idan jikinka zai ɗauki Glock 19, ita za ka fara da ita. Idan ka gwada ka ga ta yi maka yawa, kada ka faɗa can ƙasa, akwai na tsakiya: Glock 43X mai harsashi 10 da cikakken mariƙi siriri, ko P365XL wadda aka ƙara wa tsayi. P365 ƙaramar ita ce ta biyu a jerina, libarba ta uku.

Sai dai akwai wuri guda da libarba ta fi su, kuma dole in tsaya a kansa, don a nan ake asarar rai a cikin gida. Glock da P365, idan ka cire gidan harsashi, ba ka sauke bindigar ba. Akwai guda ɗaya da ya riga ya hau cikin bututu, yana nan yana jira. Mutum ya cire gidan harsashi, ya ce ai babu komai, ya ja kunama. Ka'idar ita ce: cire gidan harsashi tukuna, sannan ka ja marfin baya ka kulle shi, ka leƙa ramin da ido, ka taɓa da yatsa. Idan ka juya jerin, ka ja marfi kafin ka cire gidan, wani sabon harsashin ka ɗana. Glock kuma ba ta da makullin gefe da ake turawa da babban yatsa, kuma kafin ka kwance ta don gogewa sai ka ja kunama. Saboda haka ranar wanki, harsashi yana wani ɗaki, kai da bindigar kuna wani.

Ka'idoji huɗun da malamin harbi Jeff Cooper ya yaɗa daga makarantarsa ta Gunsite a Arizona su ne fatihar kowane aji: ɗauki kowace bindiga a matsayin ɗananniya, kada bakinta ya kalli abin da ba ka son halakawa, yatsa ba ya shiga wurin kunama sai ka yi saiti ka yanke shawarar harbi, kuma ka san abin da kake harbi da abin da ke bayansa. Mu wannan ba baƙon karatu ba ne. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana mutum nuna ɗan'uwansa da makami, don bai sani ba ko Shaiɗan zai fizgi hannunsa, ya kuma umurci mai wucewa da kibau a masallaci ko kasuwa ya riƙe tsininsu. A gidan mai kuwa, bayan ɗan fashin akwai gilashi, bayan gilashin akwai famfon mai da uwa tana zuba wa motarta.

Kube ba ado ba ne, rabin bindigar ne. Nemi mai tauri, na roba irin Kydex ko fata mai kauri, wanda aka ƙera don ƙirar bindigarka, ya rufe wurin kunama ruf. Kada ka soke ta a wando tsirara, kada ka jefa ta aljihu tare da makullai. Ga wani abu da malamin ajinka mai yiwuwa ba zai yi tunaninsa ba: kayanmu da sallarmu. Wandon zariya ba ya riƙe kube. Kaftani ko jallabiya suna ɓoye bindiga da kyau, amma kafin ka tattare rigar da ta kai gwiwa ka kai hannu ƙugu, an daɗe. Idan kuben yana bayan ƙugu, da ka yi ruku'u ko sujada rigar za ta ɗage, na sahun baya ya gani. Idan yana gaba, zaman tahiya zai dinga tokare maka ciki. Ka gwada duka a gida da bindiga sauke, ka yi raka'a biyu cikakku ka gani. Kuma kafin ka shiga masallaci da ita, ka tambayi kwamiti. Dokar Teksas ta bar wa wuraren ibada ikon hanawa, idan sun hana ka bi.

Batun doka. Tun 1 ga Satumba 2021 Teksas ta yarda wanda ya kai shekara 21, wanda doka ba ta haramta masa ba, ya ɗauki ƙaramar bindiga ba lasisi. Duk da haka ka je ka yi lasisin. Aji ne na awa 4 zuwa 6, da jarrabawar harbi 50: 20 a yadi 3, 20 a yadi 7, 10 a yadi 15, ana son maki 175 cikin 250. A ajin ne za ka koyi allunan hana shiga da bindiga da ake liƙawa a ƙofa, 30.05 da 30.06 da 30.07, da jan allon 51% na mashaya. Dokar tarayya kuma ta hana bindiga cikin ƙafa 1,000 daga makaranta, sai ga mai lasisin jihar, kai kuwa kana kai yara makaranta. Girin kad ɗinka ya ba ka damar saye, za ka cika fam 4473, takardar da mai sayen bindiga yake cikawa a shago, a bincike ka. Amma ka tuna kai ba ɗan ƙasa ba ne tukuna: laifin da ya shafi bindiga yana cikin waɗanda ake korar mai girin kad a kansu. 'Yan'uwanmu masu bizar karatu ko ta ziyara, dokar tarayya ta hana su mallaka sai a 'yan yanayi ƙalilan, don haka kada ka saya wa kowa, kada ka ara wa kowa. Lasisin Teksas ba ya aiki a Niyok, idan za ka je wurin dangi a Bronx ka bar ta a gida. Ranar tafiya Najeriya kuwa ka zazzage jakarka kaf, ko harsashi ɗaya kada ya maƙale, don a can ƙaramar bindiga tana cikin makaman da aka haramta, lasisinta sai daga shugaban ƙasa. Ka kuma tambayi mai kantinku tun kafin ka kashe kuɗi, don idan bai yarda ma'aikaci ya riƙe makami a bakin aiki ba, duk lissafin ya canja.

Akwai maganar da take min nauyi amma sai na faɗa. A Yulin 2016 ɗan sanda ya tsayar da Philando Castile a Minnesota. Baƙar fata ne mai lasisi, ya gaya wa ɗan sandan yana da bindiga, cikin daƙiƙoƙi aka harbe shi a kujerarsa. Fatarmu ɗaya da shi, ga harshe da ke nuna baƙi ne mu. Idan aka tsayar da kai, kunna fitilar cikin mota, sauke gilashi, ɗora hannu biyu a kan sitiyari, faɗi cewa kana da lasisi da inda bindigar take, kada ka motsa sai an ce ka motsa. Kada lasisin tuƙinka ya zauna a aljihun da ke kusa da kube.

A kantin ma, idan kuɗin akwati ake so, miƙa. Wanda ya riga ya saita ka, ba za ka riga shi ba, ko wacce ka saya cikin ukun. Bindigar ta lokacin da ka tabbata rai ake nema ce, kuma babu hanyar fita.

Sai yaranka. Idan ta bar ƙugunka, akwatin ƙarfe mai kulle za ta shiga, ba saman kabad ba, ba ƙarƙashin filo ba. Kana dawowa da asuba a gajiye ka kwanta daidai lokacin da su suke tashi. Dokar Teksas ma tana hukunta wanda ya bar ɗananniyar bindiga inda yaro ɗan ƙasa da shekara 17 ya kai gare ta. A 2021 mutum 48,830 bindiga ta kashe a Amurka, fiye da rabinsu da hannunsu suka kashe kansu. Zaman ƙasar nan yana da ƙunci, ni da kai mun sani. Idan wani a gidan ya shiga damuwa mai tsanani, ko kai da kanka, a fitar da ita daga gidan har abin ya wuce. Kuma ku zauna da maiɗakinka, ta san lambar akwatin, ta iya sauke bindigar da hannunta.

Wajen kuɗi, idan bindigar ta ci dala 500 zuwa 600, ware kusan wani kamarsa na kube, bel, akwati, harsashin atisaye da malami. Idan kuɗin ba zai kai duka ba, jira wata biyu. Tsakanin zuwa fili, minti 10 a gida da bindiga sauke, harsashi a wani ɗaki, kana jan kunama a hankali kana lura kada saitin ya motsa, zai gyara maka hannu ba tare da ka kashe ko sisi ba.

Kada ka sayi komai wannan makon. Filayen koyon harbi da yawa suna ba da hayar bindiga. Ranar hutunka ka kira ni mu je tare, mu karɓi ukun da 43X, ka harba 20 da kowacce a yadi 7, mu jera takardun huɗu a ƙasa ka duba inda harsasanka suka taru. Ka zo da rigar da kake sawa wurin aiki, ka kuma riƙo kaftanin Juma'arka a jaka.