Na sayi dodon koɗin ruwa ta intanet don ɗan tafkin bayan gidanmu, ga yanda ta kaya bayan shekara ɗaya

Ranar da na gaya wa Inna a waya cewa na yi odar dodon koɗi guda goma zan zuba a ruwa a bayan gida, shiru ta yi na ɗan lokaci sannan ta ce, "Ke 'yar nan, da kuɗinki za ki sayo wa jikokina tsargiya?" Kuma wallahi ban ga laifinta ba. Ni 'yar wajen Kura ce, mun taso gefen magudanan ruwan noman rani da ke zuwa daga dam ɗin Tiga, yayyena maza kusan duk sun yi fitsarin jini suna yara, har wasu manya na cewa ai alamar girma ce, sai daga baya muka gane ciwo ne kuma dodon koɗin cikin ruwan nan ne ke rainon tsutsar. Toh mutumin da ya taso haka, a ce yau shi ne zai biya fam 12 har da kuɗin aike don a kawo masa su a kwali, dole sai ya yi bayani.

Mu a Manchesta muke zaune, gidan yana da ɗan fili a baya wanda bai fi a shanya kaya ba. Yarinyata ce ta dawo daga makaranta da zancen tafkin lambu, wai malamarsu ta ce ko tsohon baho ka binne ka cika da ruwa kwaɗi za su zo. Nan ƙasar abun ya zama al'ada sosai, mutane na haƙa ƙaramin kududdufi ba don kifi ba, don kwaɗi da ƙwari da tsuntsaye su samu wajen sha da haihuwa. Abbansu ya haƙa mana a watan Maris na bara, faɗinsa kamar mita 1, zurfin santimita 40 a tsakiya, muka jera duwatsu gefe ɗaya kamar matakala saboda bushiya in ta faɗa ta iya fitowa, muka cika da ruwan sama da muke tarawa a duro. Kafin ƙarshen Mayu ruwan ya koma kore shar, gansakuka ta kama duwatsun, ga wata mai kamar zare da in ka sa sanda sai ta naɗe. Nan na fara neman dodon koɗi saboda kowa cewa yake su ne masu share tafki.

Farko na so in je wani tafki a wajen shaƙatawa kusa da mu in ɗebo kawai, ai gasu nan birjik. Maƙwabciyarmu wata dattijuwar baturiya da ta shekara da shekaru tana da nata tafkin ita ta hana ni, ta ce ɗebo ruwa ko ciyawa ko ƙwan kwaɗi daga wani tafki zuwa wani shi ke yaɗa cututtukan da ke kashe kwaɗi kamar ranabairos, ga kuma wata muguwar ciyawa da ake kira Crassula helmsii wadda ɗan guntunta kaɗai in ya shigo sai ta rufe ruwan gaba ɗaya, tun 2014 aka hana sayar da ita a Ingila. Ita shawararta ma kar in saka komai, in bari su zo da kansu. Ban da haƙurin nan a lokacin, sai na shiga intanet na samu wani mai sayar da tsirran ruwa na yi oda, biyar irin masu dogon ƙwanso mai tsini, Lymnaea stagnalis, biyar kuma masu ƙwanso a nannaɗe kamar ƙahon rago, Planorbarius corneus.

Kwana biyu suka iso. Ƙaramar roba ce mai murfi da aka huda, ciki an naɗe su da jiƙaƙƙiyar ciyawa babu ruwa sosai, abun ya ban tsoro da farko amma ashe haka ya fi, don waɗannan iska suke shaƙa, suna da wani abu kamar huhu, ba irin kifi ba ne. Tara na da rai, ɗaya ya mutu a hanya kuma tun kafin in gama buɗe murfin warin ya sanar da ni. Na tura wa mai sayarwar hoto ya mayar min da kuɗin guda ɗaya ba tare da wani ja-in-ja ba, wannan kam na yaba. Abun da ban ji daɗinsa ba shi ne babu ko 'yar takarda ɗaya ta bayani a cikin kwalin, ba a ce ga irin ruwan da suke so ba, ba a ce komai ba, kuma wannan rashin bayanin ne ya kusa sa in yi asararsu duka.

Ban zuba su kai tsaye ba, na ajiye su sati biyu a bokiti da ruwan duro da ɗan ganyen latas, ina kallon ko wani abu zai fito daga ciyawar da aka naɗo su da ita. Sannan na sake su.

Wajen wata biyu bayan nan, wata safiya na tsugunna na ɗago ɗaya daga cikin masu tsinin nan, sai na ga ƙarshen ƙwansonsa ya yi fari kamar an goga alli, da ƙananan ramuka, na taɓa da farce sai ya ɗan ɓare. Na duba sauran duk haka. Hankalina ya tashi sosai don na ɗauka wata cuta ce. Ashe ruwan ne. Dodon koɗi da kalsiyam, sinadarin nan da ke ƙarfafa ƙashi, yake gina ƙwansonsa, ruwan sama kuwa kusan babu kalsiyam a ciki, kuma ko na famfo na ƙara ba zai taimaka sosai ba saboda ruwan Manchesta yawancinsa daga tafkunan yankin Lake District da ke arewacin Ingila ake jawo shi, Thirlmere da Haweswater, ruwa ne mara ma'adinai, shi ya sa butar shayinmu ba ta yin farin dutsen nan a ciki kamar ta 'yar uwata da ke Landan. Na sayo ƙashin nan fari mai laushi da ake rataya wa tsuntsayen keji su riƙa tsattsaga, na danne shi da dutse a ƙasan ruwan, na ƙara 'yan tsakuwar farar ƙasa a cikin tsohuwar safa. Inda ya riga ya lalace bai gyaru ba, har yau tsinin nasu fari ne, amma sabon da ya fito a bakin ƙwanson ya zo da kauri da launin ƙasa-ƙasa mai kyau, kana iya ganin layin da ya raba tsohon da sabon ƙarara.

Toh maganar share ruwa fa? Gaskiya nan ne aka fi yi wa mutane ƙarin gishiri. Duwatsun kam sun goge su tas, in ka kalli gefen dutse za ka ga sawun bakinsu kamar an bi da ɗan yatsa a kan ƙura, ruɓaɓɓen ganye da ya faɗa ma suna cinyewa. Amma koren ruwan nan ba su taɓa shi ba don wannan gansakukar yawo take a cikin ruwan, su kuwa kankara suke yi daga jikin abu, mai zaren ma ni ce dai na ci gaba da naɗe ta da sanda duk Asabar. Ruwan bai washe ba sai da tsirran cikin ruwa suka yi yawa kuma badon da na saka ya yi inuwa.

Masu tsinin nan su ne na yi nadamar saya. Suna da ban sha'awa ba ƙarya, suna girma har kusan santimita 5 ko fiye, kuma yarinyata na iya awa guda tana kallon yanda suke tafiya a kife a ƙarƙashin fuskar ruwa kamar suna bin silin, su buɗe 'yar ƙofar numfashi a gefe su shaƙi iska su nutse. Sai dai a ƙaramin tafki irin namu sun yi yawa, sun huhhuda min sabbin ganyen bado, ga haihuwa, kowane ɗaya mace ne kuma namiji ne, in ka juya ganye sai ka ga ƙwansu a jere kamar doguwar majina da ɗige-ɗige a ciki. Masu ƙahon ragon kuwa ba ruwansu da ɗanyen ganye sosai, suna ƙasa suna aikinsu, jikinsu ma da ɗan ja-ja saboda jininsu yana da himoglobin irin namu, abun da ke sa su jure ruwa mai ƙarancin iska.

Na koma kan maganar Inna don ban ɗauke ta da wasa ba, sai da na zauna na karanta. Tsargiyar fitsari dodon koɗin da ake kira Bulinus ne ke ɗaukarta, ta hanji kuma Biomphalaria, kuma abun da ya ɗan girgiza ni, masu ƙahon ragon da na saya dangi ɗaya ne da su, Biomphalaria ma kamarsu ɗaya sai dai ya fi ƙanƙanta. Amma tsutsar ba ta shiga kowane iri, sai nata, kuma sai mai ciwon ya yi fitsari ko bayan gida ya kai ga ruwan, shi ya sa ba a kamuwa da ita a tafkunan Ingila. Abun da mai tsinin ke iya ɗauka shi ne tsutsar tsuntsayen ruwa irin agwagwa, wadda in ta taɓa fatar mutum sai ƙaiƙayi da ƙuraje na 'yan kwanaki, ba ta iya rayuwa a jikinmu. Duk da haka na kafa doka, duk wanda ya sa hannu a ruwan sai ya wanke da sabulu. Kuma don Allah 'yan uwa da ke gida, kar wani ya karanta wannan ya je kududdufi ko magudanar fadama ya kwaso dodon koɗi ya zuba a ruwan tsakar gida inda yara ke wasa, can lissafin daban ne kwata-kwata, kuma duk yaron da aka ga jini a fitsarinsa a kai shi asibiti, maganin yana nan, praziquantel.

Sun wuce hunturu lafiya, har ranar da saman ruwan ya daskare na hango ɗaya yana tafiya a hankali a ƙarƙashin ƙanƙarar. A Maris ɗin bana kwaɗi suka zo suka yi ƙwai a gefen duwatsun. Kuma maganar dattijuwar nan ta tabbata, don akwai wasu ƙanana masu sheƙi da bakin ƙwansonsu ke hagu waɗanda ban saya ba, a jikin tsirran suka shigo tun suna ƙwai.

In zan ba da maki, uku cikin biyar ne, kayan sun iso da rai kuma mai sayarwar ya yi gaskiya, rashin bayanin ruwa ne ya rage masa. Da yau zan sake, masu ƙahon rago uku kawai zan saya, in saka farin ƙashin tun ranar farko. Rarar masu tsinin da suka yi min yawa ba zan kai su kogi ko wani tafki ba, yanzu dai duk sati ina juya ganyen badon ina goge ƙwan da suka yi.