Maganin Rawar Hannu: A Gilashi Ko A Jikin Kyamara?

Mai sayen kyamara yakan tsaya kan megafiksel (yawan ɗigon da ke haɗa hoto), ya manta da abin da ya fi ɓata hoto, wato rawar hannu. Hanyoyin magance ta uku ne, kuma kuɗinsu ba ɗaya ba.

Ta farko tana cikin gilashin da ake ɗaura wa kyamara. Canon na kiranta IS, Nikon VR, Sony kuma OSS. Tun 1995 Canon ya fito da ita a gilashinsa na 75-300mm, kuma har gobe ita ce gwana wajen janyo abu daga nesa. Wanda zai ɗauki hawan sallah daga bayan cincirindon jama'a, nan ya kamata kuɗinsa ya tafi. Matsalarta ɗaya: duk gilashin da ka saya, sai ka sake biyan kuɗinta.

Ta biyu, IBIS, tana jikin kyamarar. Sensa, wato farantin da ke kama hoton a cikin kyamara, ita ce ke motsawa tana rama girgizar. Kamfanin Minolta ya fara ta a 2003, Sony ya kai ta babbar sensa da kyamarar A900 a 2008. Daɗinta, ko tsohon gilashi da ake saitawa da hannu ka ɗaura, za ta yi aiki. Sai dai a duba da kyau, don Sony a6400 da Canon R8 ba su da ita, a6700 kuwa tana da ita.

Ta uku ta manhaja ce, irin ta wayoyi. Tana yanke gefen hoto, kuma cikin duhu takan kwaɓa. Ba zan ƙara ko kwabo saboda ita ba.

Kada lambar matakan gyara da ake rubutawa a jikin kwali ta ruɗe ka. A ƙa'ida, gilashin 200mm na son gudun shota 1/200, wato ƙofar haske ta buɗe na kashi ɗaya cikin 200 na daƙiƙa. Kowane mataki na ninka wannan lokacin, don haka mataki huɗu na gyara zai sauke ka zuwa wajen 1/13, bango da fitilu su fito tsaf. Amma hannunka kawai aka gyara. Ƙawayen amarya da ke rawa a zauren biki dishi-dishi za su fito, domin su ne ke motsi. Nan gilashi mai shan haske, kamar 50mm f/1.8, ya fi amfani, ga shi da araha.

Mai bidiyo da ke bin ango da ƙafa kuwa, gara ya ware kuɗin gimbal, wato mariƙin kyamara mai daidaita ta, tun farko, don IBIS ba ta shanye girgizar taku gaba ɗaya.