Sharhina kan TV inci 43 da na saya, da abin da na gani tsakanin LED, QLED da OLED

Jama'a assalamu alaikum. Tun da na canza TV ɗin falo ƴan uwa da abokai suke ta tambayata wanne na ɗauka, nawa na biya, kuma wai me ya hana ni ɗaukar QLED tunda shi ake yayi yanzu, to bari in rubuta a wuri ɗaya kowa ya karanta. Na daɗe ina amfani da shi, ya ga zafin bazara ya ga ƙurar hunturu ya ga tsawar damina, don haka abin da idona ya gani zan faɗa ba abin da aka rubuta a jikin kwali ba.

Abin da na saya LED ne inci 43, 4K, smart, sabo dal a kwalinsa, na ɗaya daga cikin kamfanonin China ɗin nan da suka cika kasuwa, ba zan kama suna ba kar a ce talla nake ko ɓatanci. Kuɗinsa ya ɗan haura dubu ɗari uku a lokacin, amma kar wani ya riƙe wannan ya tafi kasuwa yana rigima da mai shago, tun da aka saki naira a 2023 farashin kayan wuta baya zama wuri ɗaya, abin da aka gaya maka wannan satin ba lallai ka same shi haka sati mai zuwa ba.

Yawancinmu in mun shiga shago cewa muke a ba mu plasma, to gaskiyar magana babu sabuwar plasma a kasuwa yanzu, Panasonic da Samsung da LG duk sun daina ƙera ta tun 2014. Duk wadda ka gani ta hannu ce, tokumbo. Na ga wata inci 42 a wajen masu kayan tokumbo kuma wallahi hotonta ya burge ni, kala mai taushi, baƙi ya fito baƙi, kuɗinta kuma bai kai rabin na sabon LED ba. Sai na zagaya bayanta na karanta ƴar takardar da ake liƙawa, wat ɗinta ya haura 200, na ɗora hannu a samanta zafi ne ke tashi. Ni kuma da dare ƙaramin inbata da sola nake amfani da su, fanka biyu da fitilu da cajin waya duk a kansa, in na jona wannan kafin a tashi daga wasa batir ya fara kuka. Ga nauyi, ga shi in wani abu ya ƙone a ciki sai an yi sa'a mai gyara ya samo a jikin wata matacciya. Nan na haƙura da ita duk da zuciyata ta so.

LED ɗin da muke gani ko'ina a zahiri LCD ne. Gilashin da ke nuna hoton ba shi da hasken kansa, fitilu ake jerawa a bayansa su haska shi, da can dogayen kwayaye ne irin na fulorasan, yanzu ƙananan fitilun LED ne, shi ya sa ya zama siriri kuma baya cin wuta. Fitilun nan kala biyu ake jera su, akwai wanda ake sa su a gefe-gefe hasken ya bazu zuwa tsakiya, shi ne sirara sosai ɗin nan masu kyan gani a bango, akwai kuma wanda ake shimfiɗa su a bayan gilashin gaba ɗaya, shi ya ɗan fi kauri. Wani mai gyaran TV a unguwarmu, dattijo ne da ya daɗe a sana'ar, shi ya ce min "Alhaji in za ka saya kar siranta ta ruɗe ka, ɗauki mai ɗan kaurin nan", ya ce aikin da ya fi yawan zuwa masa shi ne TV yana magana amma babu hoto, in ka haska tocila a jikin gilashin sai ka ga hoton yana motsi a duhu, fitilun bayan ne suka mutu, kuma abin da ke kashe su zafi ne da ƙure haske. Na ji maganarsa, nawa mai fitilu a baya ne.

Sai QLED. Samsung ne suka fito da sunan a 2017, yanzu Hisense da TCL da wasu duk suna da nasu. Shi ma LCD ne mai fitila a baya, kawai an ƙara masa wani shimfiɗi na ƙananan ƙwayoyi da ke sa ja ya fi ja, kore ya fi kore. A shago in aka jera maka su gefe da gefe aka sa bidiyon nan nasu na furanni da tsuntsaye da ƴaƴan itatuwa da ruwa na ɗiga a kai, dole ka ce QLED ɗin nan babu kamarsa, kuma ba ƙarya bane kalarsa ta fi. Amma ni na roƙi yaron shagon ya cire filas ɗin ya jona min dish ɗin da suke kallo da kansu, ya ɗan yi jim sannan ya jona, muka sa tashar labarai da wata tashar Hausa, wallahi bambancin nan da ya cika ido sai ya dawo ɗan kaɗan, don hoton da tashar ke turowa shi kansa bai kai ba balle a ce TV ya nuna bajinta. Kuma QLED ɗin ma suna suka tara, akwai mai tsada da fitilun bayansa ke kasu gida-gida, inda hoto yake da duhu su rage inda yake da haske su ƙara, irin su Mini LED, wannan da gaske ya fi, akwai kuma mai araha da sunan ne kawai da ƴar ƙarin kala amma haskensa ɗaya da na LED ɗin kusa da shi. Wanda kuɗina zai iya kaiwa na biyun ne, sai na ga ban da dalilin ƙara kuɗi a kansa.

OLED kam daban yake, wannan ba zan ɓoye ba. LG ne suka fara kawo manyansa kasuwa a 2013, shi babu fitila a baya kwata-kwata, kowane ɗigo na hoton shi ke haska kansa, in wuri baƙi ne sai ɗigon ya mutu gaba ɗaya, shi ya sa in aka nuna dare za ka rasa inda hoto ya ƙare da inda bakin TV ɗin ya fara. Na tsaya a gabansa a wani babban shago na daɗe ina kallo. Kuɗin guda ɗaya zai sayi irin nawa da yawa, wannan ɗaya kenan. Na biyu, in abu ɗaya ya daɗe a wuri ɗaya a jikinsa, kamar tambarin tasha ko layin rubutun labarai da ke ƙasa, yana iya barin inuwa da ba ta goguwa, sababbin sun rage wannan matsalar sosai amma a gida irin nawa da ake kunna tasha ɗaya tun safe har dare ban ga hikimar gwadawa ba. Na uku kuma wutarmu, mutum ya zuba miliyoyi a abu sannan a kawo wuta da ƙarfi lokaci ɗaya, ni dai hankalina ba zai kwanta ba. Wanda ke da ɗakin kallo mai labule da tsayayyar wuta kuma finafinai yake kallo da dare, shi ya dace da shi.

Abin da ya yanke min hukunci ma ba ko ɗaya daga cikin waɗannan manyan sunayen bane, wani abu ne da ba a cika rubutawa a kwali ba, wato irin gilashin, IPS ne ko VA. VA baƙinsa ya fi zurfi in kana zaune saitinsa, amma da ka matsa gefe sai kala ta koɗe fuskokin mutane su yi fari-fari. IPS kuma ko daga ina ka kalla kalar tana nan, sai dai baƙinsa toka-toka ne musamman in an kashe fitila. To ku duba yadda muke zama a falo, kujeru sun zagaye bango, yara a ƙasa kan kafet suna kallo daga ƙasa, uwargida tana leƙowa daga ƙofar kicin, ranar wasa kuma maƙwabta su cika ko'ina, mutum nawa ne ke saitin TV ɗin? Ɗaya ko biyu. Shi ya sa na zaɓi IPS. Masu shago da yawa in ka tambaye su ba su ma san wanne ne ba kuma ba laifinsu bane, gwajin mai sauƙi ne, a sa hoton fuskar mutum ka tsaya a gaba sannan ka taka a hankali zuwa gefe kana kallo, ka kuma durƙusa ka kalla daga ƙasa, idonka zai gaya maka. Inci 50 yawancinsu VA ne, 43 da 55 kuma ana samun kowanne.

Batun bonanza da rangwame kuma, nan ne mutane ke asarar kuɗi suna murna. Kafin in saya na riƙa duba farashi a Jumia da Konga ina ɗaukar hoton shafin a waya ina ajiyewa, na zaga Sabon Gari da Beirut Road a Kano na tambaya, na shiga shagunan manyan diloli. Da watan Nuwamba ya zo aka fara Black Friday sai na ga wasu masu sayarwa sun rubuta wani ƙaton tsohon farashi sun soke shi da jan layi, sabon farashin kuma da na duba hotunan da na ajiye kusan shi ne wanda suke sayarwa tun da can. Akwai rangwamen gaskiya fa, amma inda na fi ganinsa shi ne a samfurin bara da dila ke son ya kwashe don sabo ya shigo, kuma bambancin na bara da na bana sau da yawa rimot ne da ƴan manhajoji, gilashin kusan ɗaya. Nawa ma na bara ne. Lambar samfurin za ka riƙe ba sunan kamfani kawai ba, don harafi ɗaya na iya raba 4K da wanda ba 4K ba.

A wani shago an nuna min wani da sunan babban kamfani a goshinsa, araha har ta yi yawa, aka ce inci 43 ne. Na je da tef ɗin tela a aljihu, inci 43 daga kusurwa zuwa kusurwar gilashi ya kamata ya ba ka kusan santimita 109, ban da bakin roba, wannan bai kai ba. Na shiga saitin don in ga lambar samfuri ba ta yi daidai da ta kwali ba, tsarin cikinsa ma ba irin na kamfanin bane, don Samsung Tizen suke amfani da shi, LG webOS, Hisense yawanci VIDAA, TCL kuma Google TV, in ka ga sunan wani a waje tsarin wani a ciki to ka san akwai magana. Na yi masa godiya na fita. Abin ya dame ni ƙwarai don na san akwai magidanci da zai tara kuɗinsa da ƙyar, ko uba mai haɗa kayan ɗakin ƴarsa, ya ɗauki wannan yana ganin ya yi sa'a.

Yanzu ga yadda nawa ya kasance a gida. Wuta baya ci, wat ɗin da aka rubuta a bayansa bai kai 100 ba kuma da na rage hasken fitilar baya zuwa wajen rabi inbata ko gezau. Da rana ko an buɗe taga hoto yana fitowa tas, kowa daga inda yake zaune yana gani. Wasan ƙwallo a tashar HD yana da kyau sosai. Amma da dare in fim mai duhu ne baƙin nan toka-toka yana damuna har yanzu, kuma kusurwa ɗaya ta ƙasa tana ɗan fitar da haske fiye da sauran. Sifikarsa ba ta da nauyi, in fanka na gudu yara na surutu sai ka ƙure murya kafin ka ji me ake cewa, dole na jona tsohuwar sifikar gida. Ɓangaren smart ɗin yana da nawa, ka danna rimot sai ya ɗan yi tunani kafin ya amsa. HDR da aka rubuta da manyan baƙaƙe a kwali, wato fasahar da ke ƙara fito da bambancin haske da duhu a hoto, ban ga wani abin kirki a ciki ba don haskensa bai kai ya nuna shi ba.

4K ɗin ma in faɗa muku gaskiya ba kullum nake morarsa ba. 4K ɗigo 3840 ne a kwance 2160 a tsaye, ninki huɗu na Full HD mai 1920 da 1080, amma tashoshin dish da yawa ko HD ba su kai ba, sai TV ya ja hoton ya buɗa shi ya yi dishi-dishi, kuma iya girman TV iya yadda aibin zai fito. In ka ce ta intanet za ka kalla, Netflix da kansu sun ce 4K na iya cin gig 7 a awa ɗaya, wa zai jure wannan da tsadar data. Wanda kallonsa dish ne kawai kuma inci 32 ko 43 zai saya, Full HD ya ishe shi, ya sa ragowar kuɗin a sitabilaiza mai kyau. Inci 32 ɗin ma a duba, da yawansu 1366 da 768 ne kawai.

Ranar da za ka ɗauka kar ka yarda a ba ka a rufe, a buɗe a gabanka a kunna, ka je da filas mai hoton fari zalla da baƙi zalla da ja da kore da shuɗi ka duba ko akwai mataccen ɗigo ko layi, ka gwada kowace kafar HDMI. A gida ka cire shi daga saitin shago ka mayar na gida, kar ka fesa masa ruwa in ƙura ta hau, busasshen ƙyalle mai laushi ya isa, in hadari ya taso da tsawa kuma ka zare har wayar dish ba soket kaɗai ba. Takardar garanti a sa mata hatimi da kwanan wata, lambar jikinta ta yi daidai da ta bayan TV, ka tambayi inda ofishin gyaransu yake a garinku tun kafin ka biya. Ni da na tambaya sun gaya min ƙarara garantin bai shafi fashewar gilashi ba kuma bai shafi abin da wuta ta ƙona ba, shi ya sa ban bari an ɗora min shi a bayan babur ba, mota na nema aka tsayar da shi a tsaye cikin kwalinsa har gida, kuma ban kunna shi ba sai da na sayo abin kariyar wuta na jona.