Banar yadi ko fileks, wacce za ki sa a gaban shago?

'Yar uwa ki yi ta yadi kawai, tunda kin ce shagon naki a bakin titi yake kuma kullum da dare kwashe kayanki kike. Ni ta yadi gare ni a shagon turarena nan Jekadafari kuma wallahi ban taɓa ƙorafi a kanta ba. Kin dai san iskar farkon damina ta Gombe, wadda ke tasowa da jar ƙura wajen watan Mayu kafin ruwa ya sauko, har kwanon gidaje take ɗagewa, to rannan ta taso da la'asar ina ciki ina ɗaura kaya na leƙo na ga banar sai kaɗawa take abinta, da aka lafa ko zare ɗaya bai tashi ba, na masu fileks a layinmu kuwa wasu a tsakiyar titi aka tsinto su. Yadin polista ne, saƙa ce, iska na samun hanyar ratsawa. Fileks kuwa roba ce, babu inda iska za ta bi sai ta tara ƙarfinta a ramukan igiya, daga nan yagewa ke farawa.

Ga sauƙin ɗauka, ninkewa nake in jefa a jaka in hau Keke Napep, gidan biki ne ko wajen baje koli, in na isa in ɗaura. In hunturu ya yi mata butu-butu da ƙura sai in sa a baho da ruwan sanyi da sabulu kaɗan in cuɗa da hannu a hankali. Ban da bilic, ban da buroshi, kar ki murɗe ta wajen matsewa, ki shanya a inuwa. Kuma don Allah sai ta bushe sarai kafin ki ninke, in da danshi baƙin tabo take yi mai wuyar fita. Guga ma ana yi amma ta baya, dutse ba zafi sosai, ki ɗora wani ƙyallen a kai. Dutsen gawayi kam kar ma yara su kusance ta da shi, polista narkewa yake.

Rana ce babbar abokiyar gabarta. Zafin Maris da Afrilu da ke kaiwa 40 ɗin nan yana cin kala, ja ne ke fara koɗewa, balle in shagon yana kallon yamma. Ki ɗaura ta ƙarƙashin rumfa in da hali, kuma tunda sauke ta za ki riƙa yi za ta daɗe miki.

Fileks dai ta fi araha kuma yau-yau za a buga miki, in za a kafe ta da katako a jikin bango a manta da ita to ba laifi, iyakarta kenan.

Ba ki tambaya ba amma ki kula da masu bugawa, akwai marasa tsoron Allah. Wani zai karɓi kuɗin bugun inji ya je ya shafa fenti a kan akoko, ruwan farko kala ta zube. Na gaskiya kalar a cikin zaren take, in kin shafa ba za ki ji tudu ba, ki goga jiƙaƙƙen farin ƙyalle ki gani ko zai kama. Masu fileks kuma su ce mai kauri ce, wato mai nauyin giram 440 a kowace murabba'in mita, alhali mai 280 suka sa. Da awon ƙafa suke lissafin kuɗi, don haka ki je da tef ɗinki ki auna a gabansu, ki karanta rubutun da lambar wayarki a kwamfuta kafin a buga, kar ki biya duka sai kin ga aiki.

Ki ce a yi mata kalmasa biyu a gefe, a sa zoben ƙarfe a kusurwa huɗu da kuma duk bayan ƙafa biyu. Wajen ɗaurewa kar yaron shago ya sa waya, robar tiyub za ki ba shi, tana miƙewa in iska ta ja.