Taɓo da ɓarayin dare: abin da za ka saya wa wurin kajinka kafin damina ta kankama

Duk mai kiwon kaji a bayan gida ya san watan Agusta ba wasa ba ne. Ni dai bara na ga ta kaina, kaji 23 gare ni a ɗan lungun da ke tsakanin kicin da katanga, na gida ne da 'yan Noiler, kajin zamanin nan na nama da ƙwai, guda 8, ruwa ya kwana uku yana zuba wurin ya koma kamar fadama, ƙafafunsu duk dunƙulen laka, ga wari har cikin ɗaki maigida sai mita yake. A satin nan kuma wani abu ya haƙo ta ƙarƙashin waya ya kwashe min 'yan tsaki 6 a dare ɗaya, da safe ba abin da na tarar sai gashi da wani rami da hannuna zai shige. Tun daga nan nake ta gwaje-gwaje da kuɗina, toh tunda ana yawan tambayata wai yashi ya fi ko dusar katako, wace waya ce mai kyau, bari in faɗi abin da na gani.

Kafin ka sayi komai na zubawa a ƙasa, ɗaga kai ka dubi sama tukuna. Lissafin ba wuya, ruwan sama milimita 1 a kan fili mita 1 tsawo mita 1 faɗi lita ɗaya ne cif, kaga kenan wuri mai mita 3 da mita 4 in aka yi ruwan milimita 30, wanda a nan Kano sai a yi shi a yammaci ɗaya, lita 360 ce ta sauka a kan kajinka, jarka 14 da ɗoriya. Ba buhun dusar da zai shanye wannan. Ni nawa ma ya fi haka muni dan ashe indararon kicin a cikin wurin yake zuba, shekara biyu ban lura ba wallahi.

Rufi kala uku mutane ke yi, leda, tamfol, kwano. Leda ka manta da ita, iskar farkon damina ɗaya ta gama da ita. Tamfol yana da arha kuma kai da yaro ɗaya kun ɗaura, amma rana na cinye shi, kuma in ba ka yi masa gangare sosai ba ruwa zai taru ya yi ciki, wata rana ya fashe a kansu gaba ɗaya. Kwano shi ne, ko tsoho ne, ana samun na hannu wajen 'yan kayan gini irin na Ƙofar Ruwa, ka ɗaga shi ka kalli rana ta ciki ka ga yawan hujin ƙusa, a toshe da kwalta. Aibinsa ɗaya zafi, a watan Maris da Afrilu sai ka ga kaji sun buɗe baki suna haki, shi ya sa a ɗaga shi ya kai kamar mita 2, gefe a bar shi waya iska na ratsawa, kuma bakin kwanon ya zarce wayar da ɗan dama saboda feshi. Ba dole a rufe duka ba, rabi ma ya yi in nan ne abinci da wurin kwana suke.

Sai ƙasa. In wurin kwari ne, ko ka rufe ruwa zai gangaro ta ƙasa, dole a yi ciko. Burji ko jar ƙasa baro kaɗan, a ɗaga wurin ya fi tsakar gida tudu da kamar taƙi ɗaya, a yayyafa ruwa a daɓe sosai, a kewaye da layin bulo ɗaya dan kar ruwa ya wanke. A samansa ne za a zuba abin shimfiɗa, kuma nan ne gardamar take.

Yashi ni shi na zaɓa, amma fa ba kowane ba. Mai laushin nan na filasta in ya jiƙe dunƙulewa yake kamar tuwo, ka ce wa mai tifa ko mai kura yashin rafi kake so mai tsakuwa-tsakuwa, irin na buga bulo. Kaurin santimita 8 zuwa 10. Ruwa na wucewa ta cikinsa, kashi na bushewa a kai ka bi da rariya ko manjagara ka kwashe, kaji na birgima a ciki, kuma ba ya ruɓewa. Nauyi ne da shi wajen shigowa da shi lungu, kuma inda rana ke dukansa da bazara yana ƙona ƙafa.

Ɓuntun shinkafa arha ne, wanda ke kusa da injinan casa irin na Kura kusan kuɗin buhu da na ɗauko kawai zai biya, ba ya saurin shan ruwa, kuma in ka kwashe taki ne mai kyau masu lambu na so. A ƙarƙashin rufi yana da kyau ƙwarai. A fili kuwa yawo yake a kan ruwa ya je ya toshe maka kwata. Dusar katako kala biyu ce kar a ruɗe ka a 'yan katako, akwai garin da zarto ke zubarwa akwai kuma mai faɗi-faɗin nan da injin goge katako ke fitarwa, na biyun ake so. Garin ƙura ne da shi, 'yan tsaki na cinsa a zaton abinci, in ya jiƙe kuma ya kame ya fara warin da ke sa ido hawaye. Kuma jiƙaƙƙiyar shimfiɗa mai ɗumi ita ce gidan ƙwayar cutar da ke sa kashin jini, wadda ta fi kama 'yan sati 3 zuwa 6, sai ka ga sun takure sun saki fuka-fukai. Ɓawon gyaɗa ban ba da shawara ba da damina, fumfuna yake yi da wuri kuma tana taɓa musu numfashi.

Siminti kuwa shi ne mai tsada, amma ya kashe tsuntsu biyu, ba taɓo ba mai haƙowa. In gidanka ne kuma kana da hali ka yi, a karkata shi wajen kwata, a zuba ɓuntu ko yashi a kai dan tsurar siminti na ji musu ciwo a tafin ƙafa. Ɗan haya dai kar ya soma.

Yanzu waya, inda aka fi cutar mutane. Wannan siririyar mai ido kamar saƙar zuma da ake ce wa wayar kaji, aikinta ta hana kaza fita, ba ta hana komai shiga. Kafintan da ya yi min na farko cewa ya yi "Hajiya ai wannan ta isa, kowa ita yake sa", damina ɗaya ƙasanta ya yi tsatsa ina taɓawa tana karyewa kamar taliya, kare ko muzuru in ya dage zai yaga ta. Akwai kuma mai kauri ta walda mai manyan idanu kamar inci 2, ƙarfi kam akwai, kare ba zai iya da ita ba, amma ɓera da maciji sai dai su yi sallama su wuce, ɗan tsako ma ficewa yake. Wadda ake so ita ce ta walda mai ido murabba'i na rabin inci, mai ruwan azurfa ɗin nan da ba ta saurin tsatsa. Ta fi tsada nesa ba kusa ba, shi ya sa ni na raba, daga ƙasa zuwa mita 1 na sa mai ƙaramin ido, daga nan zuwa sama na sa mai arha, inda ba kwano kuma na ja ragar kamun kifi saboda shirwa da shaho. A shago ka gwada da babban yatsanka, in ya shige idon wayar ka ajiye ta, sannan ka lanƙwasa bakinta ka ji, kuma a warware a auna a gabanka.

Kar wayar ta tsaya a fuskar ƙasa, nan nawa kuskuren yake. Ko a binne ta santimita 30, ko a kwantar da ita waje kamar santimita 40 a danne da bulo a rufe da ƙasa, mai haƙa a gindin waya yake farawa sai ya ci karo da ita. Da damina ƙasa ta yi laushi gafiya ba ta shan wahalar haƙa ko kaɗan.

Ka san ma waye ɓarawon kafin ka kashe kuɗi. Ɗan tsako ya ɓace da rana tsaka ba alama, uwar na ta kururuwa, daga sama ne. Ka tarar da gawa biyu uku an cije wuya ba a cinye ba, ka zargi tunku. Ƙwai na ɓacewa ba ɓawo ba komai, maciji ne ko gafiya ko kuma, yi haƙuri, yaran gida. Shi maciji ɓera yake bi, ɓera kuma abincin da aka bari ya kwana yake bi, dan haka kwashe kwanon dusa da magariba da kawar da tarin itace da tsofaffin bulo ya fi duk baƙin mai da tafarnuwar da ake cewa a zuba, na zuba ban ga komai ba sai ƙazanta. Maganin ɓera kuwa kar ka kai shi wurin, kaza za ta ci, ga yara, tarko ya wadatar a cikin kwali da daddare.

Akurkin kwana daban, mai ƙafafu ya tashi daga ƙasa kamar rabin mita, in kwarkwasa na damunku a sa ƙafafun cikin gwangwani da ɗan baƙin mai. Sakata da kwaɗo, dan mai ƙafa biyu ya fi yawa in sallah ta matso. Ƙofar kuma ka tsaya a kan kafinta, tawa ya bar mata tazarar yatsu uku a ƙasa wai dan kar ta riƙa gogar yashi, sai da na sa aka dawo aka kafa dokin ƙofa na katako ta zauna a kai daram.