Fetur mai oktan 91 ko man tsere 110: wanne ya dace da babur ɗin ƙanƙara da aka ƙara wa ƙarfi?

Oktan ma'auni ne na yadda fetur ke jure matsi ba tare da ya fashe da kansa ba. A gidajen mai na Kanada da Amurka, 91 yana cikin masu tsada, kuma shi Ski-Doo, mai ƙera baburan ƙanƙara, ke so a zuba wa injinta 850 E-TEC yadda ya fito daga kamfani. Idan salansa kawai ka sauya, ya wadatar.

Magana tana canzawa idan an ƙara matsin silinda ko an ɗora turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska. A nan 91 kan fashe da kansa tun wutar fulogi ba ta gama cinye shi ba. Wannan ƙwanƙwasar ce ke cin fistin har ta huda shi, ga hular kwano da ƙarar inji sun toshe maka kunne, ba za ka ji ba sai ɓarna ta auku. Man 110 yana jure wannan matsin.

Sai dai tsada gare shi, ba ko'ina ake samunsa ba, kuma yawancinsa na ɗauke da gubar dalma. Ba ya ƙara wa injin da ba a taɓa ba ƙarfi ko kaɗan, asarar kuɗi ce kawai. Ni dai na fi ganin a gauraya su biyun gwargwadon abin da makanikin da ya saita injin ya faɗa.